Coton Sport ta Garwa: abin da ya same ta, da abin da za a duba kafin a buɗe kaka

Wani ƙanenmu mazaunin Marwa ya yi tambaya kamar haka: "Yaya, na taso na tarar Coton Sport ce ke ɗaukar kambun gasar ƙwallon ƙafa ta Kamaru kusan kowace shekara. Amma kambun 2024 da na 2025 duk kudu suka tafi. Ƙungiyar ta mutu ne? Kuma ga labarai barkatai na sababbin 'yan wasa da atisaye kafin a fara kaka, wanne zan kama, wanne zan bari?"

Ƙanena, Allah ya bar zumunci. Coton ba ta mutu ba, kuma ba ta kama hanyar mutuwa ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, Coton da ka taso ka tarar ba ita ce ta yau ba, kuma abin da ya rage mata ƙarfi ya faro ne tun tana ɗaga kofi muna tafi. Na daɗe ina horar da yara a filayen Garwa, aikina ya fi karkata ga gina jikin ɗan wasa, don haka ta wannan gefen zan amsa maka.

Sai ka san daga ina ƙarfin ya fito kafin ka gane ta ina ya zube. An kafa ƙungiyar a 1986, a ƙarƙashin inuwar Sodecoton, kamfanin auduga da ke da hedikwata a nan Garwa tun 1974. Kafin zuwanta, ƙwallon Kamaru na Yawunde da Duwala ne. Oryx ta Duwala ce ta ɗauki kofin zakarun Afirka na farko a tarihi, Canon ta Yawunde ta ɗauka a 1971 da 1978 da 1980, Union ta Duwala a 1979. Arewa tana da ƙungiyoyi, irin su Étoile Filante, tana kuma haifar 'yan wasa, amma kambu ba ya tsallako Adamawa. A 1997 Coton ta karya wannan, ta maimaita a 1998, ta ƙara a 2001, sannan daga 2003 zuwa 2008 ta ɗauka sau shida a jere. Canon da ake yi wa kirari tana da kambu goma, kuma tun 2002 ba ta sake ɗauka ba. Coton ta cika goma sha biyar a 2018, ta kuma ci gaba da ƙarawa.

Mutanen kudu sukan ce kuɗin auduga ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba yawan kuɗin ne ya yi aikin ba, tsarinsa ne. A ƙasar da mafi yawan ƙungiyoyi ke rayuwa da aljihun mutum ɗaya, idan ya yi fushi ko kasuwa ta juya masa baya yara su kwana da yunwa, Coton ta yi suna da cewa wata na ƙarewa albashi na shiga. Akwai filin atisaye nata, akwai likita, akwai makarantar yara, akwai motar tafiya. Ɗan wasan da ya san abincinsa da kuɗin hayarsa ba su dogara da sakamakon Lahadi ba, shi ne yake iya zama shekara huɗu wuri ɗaya. Kuma mutum goma sha ɗaya da suka shekara huɗu tare sun fi taurari goma sha ɗaya da aka tara jiya. Wannan zaman tare shi ne jarin Coton na gaskiya.

Shekarar 2008 ce ta nuna haka ƙarara. A matakin rukuni na kofin zakarun Afirka an haɗa mu da Enyimba ta Najeriya, da TP Mazembe, da Al Hilal ta Sudan, kuma Coton ce ta fito ta ɗaya. A wasan kusa da na ƙarshe ta yi wa Dynamos ta Zimbabuwe jimillar ci biyar babu ko ɗaya a wasan gida da na waje. Sai wasan ƙarshe da Al Ahly ta Masar, ƙarƙashin koci Manuel José, mai su Aboutrika. A Alƙahira an ci mu biyu ba ko ɗaya. Ranar 16 ga Nuwamba aka dawo Roumdé Adjia, filin wasanmu na Garwa. Tun hantsi mutane ke shiga fili, rana tana dukan siminti har ba a iya zama sai da kwali ko sallaya, masu ruwan leda suna kai da kawo. Ahmed Hassan ya fara zura mana, fili ya yi tsit. Dab da hutun rabin lokaci Abdoul Karim ya farke, bayan an dawo Baba Ousmaila ya ƙara ta biyu. Daga nan zuwa kusan minti na ƙarshe babu wanda ya zauna. Muna buƙatar ƙarin ƙwallo biyu saboda dokar ƙwallon waje, kuma wallahi a lokacin babu wanda ya ga abin ya fi ƙarfinmu. Sai fenareti a ƙarshen wasa, Shady Mohamed ya buga, aka tashi biyu da biyu. Kofi ya tafi Masar.

Ka lura da waɗanda suka yi wannan aiki. Mai tsaron raga Kassaly Daouda ɗan Nijar ne, Daouda Kamilou a gaba ɗan Nijar ne, Abdoul Karim ma haka. Ga yaran gida irin Jacques Zoua yana ɗan shekara goma sha bakwai. Babu wanda aka sayo da dukiya mai yawa. An zaɓo su ne da ido, daga ƙasashen da zafinsu da abincinsu da harshensu ba su da nisa da namu, suka zauna. Shekara biyar kafin nan, a 2003, ƙungiyar ta riga ta buga wasan ƙarshe na kofin CAF, wato hukumar ƙwallon Afirka, da Raja ta Kasabalanka, don haka 2008 ba dace ba ne.

Bayan nan Al Ahly ta zame mana ƙarfen ƙafa. A 2013 ta fitar da mu a kusa da na ƙarshe na kofin zakaru, wasa biyu duk ɗaya da ɗaya, sai a bugun fenareti, a shekarar da Alexis Yougouda Kada ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. A 2014 ta sake tare mu a daidai wannan mataki a kofin Confederation, gasar CAF da ke bin bayan kofin zakaru. Sai aka yi shekaru na shiru a Afirka, har 2021, lokacin da Coton ta fito daga rukunin da ke da RS Berkane mai riƙe da kofi, ta cire Jaraaf ta Senegal, ta kai kusa da na ƙarshe, inda JS Kabylie ta Aljeriya ta ci mu gida da waje.

Yanzu mu zo inda tambayarka take. A 2022 Coton ta haɗa kambu da kofin ƙasa. A 2023 ta sake ɗaukar kambu. Wanda ya tsaya ga teburin gida zai ce komai lafiya. To amma a farkon wannan 2023 ɗin ne muka shiga matakin rukuni na kofin zakarun Afirka tare da Mamelodi Sundowns da Al Ahly da Al Hilal, muka buga wasa shida, aka ci mu duka shida. Ko maki ɗaya ba mu samu ba. A Garwa, a gaban mutanenmu, Al Ahly ta zura mana huɗu, Kahraba shi kaɗai ya ci uku. Ƙungiyar da a 2008 ta sa Ahly ta yi gumi a wannan fili, ita ce aka yi wa haka. Ni a wurina ranar ce ya kamata a yi zaman gaggawa, ba ranar da Victoria United ta Limbe ta ɗauki kambun 2024 ba, ba kuma ranar da Colombe ta Sangmelima ta ɗauki na 2025 ba. Rashin kambun ya biyo baya ne kawai. Tun daga wancan rukuni ba mu sake taka wannan mataki a Afirka ba.

Akwai wani abu da ya faru dab da waɗannan wasanni shida. Souaibou Marou, wanda shi ne ginshiƙin gabanmu, wanda aka tafi da shi gasar kofin duniya a Katar yana ɗan wasan gida, ya koma Orlando Pirates a Janairun 2023. A Fabrairu aka fara rukuni. Ba na zargin yaron ko kaɗan, rayuwar ɗan ƙwallo gajeriya ce, kuma yana da iyali a bayansa. Ba na ma zargin sayarwar a kan kanta, domin sayar da 'yan wasa na cikin abin da Coton ke rayuwa da shi tun da can. Zoua ya tafi Basel a 2009. Vincent Aboubakar ya je kofin duniya na 2010 yana ɗan Coton, daga nan ya wuce Valenciennes, kuma shi ne ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka na 2017 a kan Masar, shi ne ya ci Brazil a 2022. Edgar Salli ya tafi Monaco a 2011, Ambroise Oyongo ya tafi Amurka a 2014, Moumi Ngamaleu ya tafi Ostiriya a 2016. Duk abin alfahari ne. Bambancin shi ne, a da idan ɗaya ya tafi, wanda zai gaje shi ya riga ya shekara biyu yana zama a benci, yana shiga minti ashirin, yana koyon yadda ake buga wasa a Alƙahira. Yanzu yaro na fara haskawa ake zuwa ɗaukarsa, wani lokaci kafin ya cika kaka ɗaya, kuma na bayansa bai nuna ba tukuna. Dokar FIFA ta hana fitar da yaro ƙasar waje kafin ya cika goma sha takwas, sai a wasu yanayi ƙalilan, to dillalai sukan jira ranar ne kamar masu jiran ganin wata. Masu zuwa ɗauka kuma sun ƙaru. Da Turai ce kawai, yanzu har da Afirka ta Kudu, da Tanzaniya, da ƙasashen Larabawa, duk suna biyan abin da ƙungiyar Kamaru ba za ta iya ba.

Dokar ta tanadi wani abu ga mai raino. Akwai diyyar horarwa, akwai kuma kashi biyar cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa da ake raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara goma sha biyu zuwa ashirin da uku. Wannan kuɗi ba ya zuwa sai takardun yaro sun cika, an yi masa rajista tun yana ƙarami, da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya. Shi ya sa sakataren da ke riƙe da fayil ɗin yara yake da muhimmanci kamar mai horar da 'yan gaba, ko da yake babu wanda ke rera masa waƙa a fili.

Ban da wannan, gasar kanta ta sha jijjiga. Rigimar hukumar ƙwallo ta ƙasa, Fecafoot, da hukumar lig ta ƙwararru ta dagula kakannin 2020 da 2021. Bayan Samuel Eto'o ya hau kujerar Fecafoot a Disamban 2021, an yi ta sauya fasali, a raba ƙungiyoyi rukuni biyu, sannan a yi zagayen fitar da gwani a ƙarshe. Irin wannan tsari ba ya yi wa ƙungiya mai dogon numfashi daɗi. A lig na gida da waje mai tsawo, wanda ke da benci mai kauri da albashi mai tsari shi ke kai labari. A zagaye na 'yan makonni kuwa, rauni ɗaya ko jan kati ɗaya ya isa ya rushe aikin shekara. Sannan ranar fara kaka ba ta da tabbas: an taɓa farawa a Maris, an taɓa farawa a Disamba. CAF kuwa ba ta jira, zagayen share fage yana zuwa a Agusta ko Satumba. Sai zakaran Kamaru ya fita Afirka bai buga wasan gasa ko ɗaya ba cikin watanni, ya haɗu da wanda ƙafarsa ke da zafi.

Kada ka manta da hanya. Kusan duk abokan karawarmu suna kudu. Idan ba jirgin sama aka samu ba, sai mota ta bi ta hawan dutsen nan zuwa Ngaundere, daga can jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, daga Yawunde kuma wata motar zuwa Bafusam ko Limbe. Na sha yin wannan tafiya da yara. A sauka da safe ƙafa ta kumbura, takalmi ba ya shiga, baya ya sandare, kuma gobe wasa. Ƙungiyar Duwala sau ɗaya ko biyu take zuwa arewa a kaka. Mu kusan kowane mako biyu muke sauka kudu. Wanda bai lissafa wannan a cikin maki ba bai san ƙwallon Kamaru ba.

To, labaran kafin kaka. Abu na farko da zan roƙe ka: hoton yaro riƙe da riga kore da fari a Facebook ko WhatsApp ba labari ba ne. Wani gwaji ya zo, wani dillalinsa ne ya sa hoton don ya ɗaga farashinsa a wata ƙungiya. Ɗan wasa ya zama namu ne idan ya sa hannu a kwantiragi, aka yi masa rajista, lasisinsa ya fito, idan kuma daga wata ƙasa ya zo, takardar sakinsa ta iso daga hukumar can. Kafin nan duk zance ne. Jira sanarwar ƙungiya da kanta, kuma ko ita, ka jira ka ga sunan a takardar wasan farko.

Amma ni ba jerin masu zuwa nake fara dubawa ba. Jerin waɗanda suka zauna nake nema. Ɗauki sha ɗayan da suka fi buga wasa a kakar da ta wuce, ka ƙirga nawa ne suka dawo atisaye. Idan bakwai ko takwas suna nan, ƙungiya tana da ƙashin baya, ko da ba a sayo kowa mai suna ba. Idan huɗu ne suka rage kuma aka kawo goma sha biyar sababbi, to ka shirya zuciyarka, watanni biyun farko za su yi ɗaci komai kyawun sunayen. Cikin masu zaman ma akwai gurabe huɗu da suka fi sauran nauyi: mai tsaron raga, ɗaya daga cikin 'yan bayan tsakiya, mai tare tsakiyar fili, da mai cin ƙwallo. Su ne ke magana a fili, su ne ke gyara tsayuwar yara idan wasa ya rikice. Ɗan gefe mai gudu ana samunsa a kowace unguwa daga Yelwa zuwa Poumpoumré. Ɗan bayan da ya san lokacin da zai ce a fito, a bar abokin hamayya cikin satar gida, sai an shekara ana gina shi.

Haka mai horarwa. Tambayar da ta fi sunansa muhimmanci ita ce yaushe ya kama aiki. Kocin da aka naɗa kafin a fara ɗaukar 'yan wasa, shi ya zaɓi mutanensa, kuma shi za a tuhuma. Wanda aka kawo saura mako biyu a fara kaka, an ɗinka riga ne aka ce ya sa. Idan aka kore shi bayan wasa shida, ba a yi masa adalci ba, kuma ba a gyara komai ba.

Game da wasannin sada zumunta, a nan ne magoya baya suka fi ruɗuwa. Shirin kaka mai kyau yakan ɗauki kamar mako shida. Makonnin farko na gina numfashi ne da ƙarfin tsoka, atisaye safe da yamma, kuma a lokacin ƙafar ɗan wasa nauyi take yi kamar an ɗaura mata dutse. Idan a wannan lokaci ƙaramar ƙungiyar lardi ta riƙe Coton canjaras, ba abin tashin hankali ba ne, haka ake so jiki ya kasance. Idan kuma aka yi mata ci takwas, ba abin biki ba ne. Abin da za ka duba shi ne mintuna. A wasan farko kowa ya buga rabin lokaci, a na gaba manyan su kai awa ɗaya, a na ƙarshe ko biyun ƙarshe sha ɗayan farko su kusa cika casa'in. Idan saura mako ɗaya a fara gasa kuma har yanzu koci yana canza mutum goma a hutun rabin lokaci, bai san ƙungiyarsa ba tukuna. Ka kuma duba da wa ake bugawa. Ƙungiyar da ke son komawa Afirka tana bukatar a matsa mata tun yanzu, ko da za ta nemi wasa da ƙungiyoyin Injamena ko na Najeriya, ga Yola nan kusa da mu. Cin na ƙasa da kai kullum ba ya nuna maka inda bangonka ya tsage.

Idan ka samu shigowa Garwa ka je kallon atisaye, kada ka tsaya kallon masu gwaninta da ƙwallo. Dubi gefen fili. Akwai sikeli? Mu nan zafinmu a Maris da Afrilu yana haura digiri arba'in, kuma ko a wasu watannin gumi ba ya wasa. Ana auna ɗan wasa kafin atisaye da bayansa. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kuma idan asarar ta kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, gudunsa da tunaninsa duk sun ragu. Dubi mutum nawa ke zagaye fili su kaɗai, ko suke zaune da ƙanƙara a cinya. Ɗaya ko biyu ba komai. Biyar ko shida masu ciwon tsokar bayan cinya a mako na uku, alama ce an ɗora musu kaya da gaggawa. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi tsanani a ƙarshen damina, daidai lokacin da aka fi yin shirin kaka. Yaron da zazzaɓi ya kwantar kwana huɗu ya yi asarar fiye da kwana huɗu, sai ya ɗauki makonni kafin jininsa da numfashinsa su dawo. Gidan sauro a ɗakin 'yan wasa yana kawo maki, ina faɗa da gaske. Azumi ma a 'yan shekarun nan yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, tsakiyar gasa kuma bakin bazara, kuma da yawa cikin yaranmu masu azumi ne. Ƙungiyar da ta yi tunani za ta tsara tun yanzu yadda atisaye zai koma bayan shan ruwa ko dab da shi, da abin da za a ci a sahur.

Lokacin gwaji kuma lokaci ne da ke taɓa min zuciya. Za ka ga yara sun sauko daga Gidar, Figil, Pitowa, Lagdo, wasu har daga Yagwa da Kusseri, takalmi a cikin leda, wani aro ya yi kuma ya fi ƙafarsa, ya cusa takarda a gaba. A ba su minti ashirin a fili, mutum arba'in ana neman biyu. Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa, ɗan baya mai natsuwa, wanda wani dillali ya karɓi kuɗin shanu biyu daga hannun mahaifinsa da sunan zai kai shi gwaji waje. Yaron ya ƙare a wani ɗakin haya a Duwala wata uku, babu ƙungiya babu fasfo. Don haka idan kana da ƙane ko ɗa mai sha'awa, ka riƙe wannan: ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗi don ta gwada yaro. Kuma kada a rage masa shekaru. Ana yin gwajin ƙashin wuyan hannu ga 'yan ƙasa da goma sha bakwai don tantance shekarunsu, an kuma sha cire yara daga tawagar ƙasa a kansa. Ƙaryar shekara biyu tana iya rufe wa yaro ƙofa har abada, ta kuma jawo wa ƙungiya asarar maki.

Labarin da ya kamata ya fi faranta maka rai a wannan lokaci shi ne wanda ba ya yin ƙara: an ɗago yara uku ko huɗu daga makarantar ƙungiya zuwa manya, an sabunta kwantiragin kyaftin, an tsawaita na matashin da ake rububinsa. Wannan na ƙarshe ba zai hana shi tafiya ba, amma zai sa ya tafi a lokacin da ƙungiya ta zaɓa, da farashin da ya dace. Ka kuma sa kunne ga labarin auduga. A shekara mai kyau Sodecoton tana tara fiye da tan dubu ɗari uku daga hannun manoma, kuma idan damina ta yi gardama, ko ƙwari suka yi ɓarna, ko farashi ya faɗi a kasuwar duniya, dole a ji shi a ko'ina cikin gidan. Shi ya sa komawa Afirka ba maganar suna ba ce kawai. A kakar 2022 zuwa 2023, ƙungiyar da ta tsaya a matakin rukuni na kofin zakaru dala dubu ɗari bakwai CAF ta ware mata, mai kofi kuma miliyan huɗu. Babu abin da ke kama da wannan a gasar gida.

Akwai wani ɓangare da ya rataya a wuyanmu mu magoya baya. A Janairun 2022, da aka kawo rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau na gasar kofin ƙasashen Afirka nan Garwa, an ga yadda Roumdé Adjia ke cika. Ranar da Iheanacho ya ci Masar, garin ya ɗauka kamar tawagarmu ce, 'yan'uwa daga Yola da Mubi da Maiduguri sun cika masaukai. Ranar da Tunisiya ta fitar da Najeriya kuwa mutane da yawa ba su ci abincin dare ba. Wannan gari ne da ya haifi Issa Hayatou, wanda ya shugabanci CAF daga 1988 zuwa 2017, Allah ya jiƙansa. Filin nan an gyara shi, ciyawa da fitilu da kujeru. Amma ranar wasan lig sai ka ga gefe guda wayam, matasa suna gidajen kallo suna gardamar Real Madrid da Barcelona. Ban hana kowa kallon Turai ba, ni ma ina kallo. Sai dai abin da ke karya gwiwar baƙo a Garwa abu biyu ne, rana da jama'a, kuma idan jama'a ba su zo ba mun ba da rabin makaminmu. Zuwan Gazelle, wata ƙungiyar Garwa, cikin manyan ƙungiyoyi ya ba garin wasan hamayya na cikin gida, kuma wannan alheri ne ga Coton, domin wanda ba shi da maƙwabci mai ja da shi yakan yi barci.

Kai da kake Marwa, tafiyar ba ta fi ta 'yan awoyi ba, ka daure ka zo wasa ɗaya ko biyu na farko. Kada ka yanke hukunci da su. Ka bari sai an buga biyar ko shida, a ciki har da tafiya kudu sau biyu, sannan ka duba abu biyu: ƙwallo nawa aka zura mana bayan minti na saba'in, da maki nawa aka ɗebo a waje. Na farko zai gaya maka ko shirin jiki ya yi kyau, na biyu zai gaya maka ko akwai manya a cikin fili. Bayan nan sai ka jira kasuwar tsakiyar kaka. Idan Coton tana saman tebur kuma shugabanni suka riƙe mai cin ƙwallonsu har ƙarshen gasa, ko suka sayar da shi da sharaɗin ya ƙarasa kakar a Garwa, to an ɗauki darasin Janairun 2023.